Ku Jarraba Yaron, Ku Ƙyale Rajista

'Ya'yana uku ba sa zuwa firamare. Ni da mahaifiyarsu muke koyar da su a gida, a ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Gezawa, kamar yadda ni ma mahaifiyata ta koyar da ni a tsakar gida har na kai shekara goma sha biyu. Wannan ya jawo mini sunaye iri-iri. 'Yan boko abokan karatuna suna cewa na hau tsani na janye shi. Dattawan unguwa suna cewa wannan ai iyayi ne na wanda ya yi jami'a. Wasu kuma sun sa ni a layi ɗaya da masu hana 'ya'yansu boko don su tura su talla. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa cewa a kira masa yaro ɗaya ya karanta masa shafi guda ya ji. A nan rigimar take, kuma a kanta nake son mu yi magana.

Abin da nake cewa ba shi da wuyar fahimta. Ilimi shi ne wajibi. Makaranta hanya ce ta samun sa, kuma ba ita kaɗai ba ce. Mun wayi gari mun ɗauki hanyar mun mayar da ita abin nema, har ta kai idan yaro ya sa yunifom ya rataya jaka ya fita da safe, uba ya ɗauka ya sauke nauyi, gwamnati ta ƙirga shi a cikin nasarorinta, malami ya kira sunansa a rajista ya amsa. Bayan shekara shida sai a miƙa masa takardar asibiti ya karanta wa kakarsa, ya tsaya yana jujjuya ta.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara tara cikin goma masu shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane abin da ya ƙunsa, kuma da yawansu suna zuwa makaranta kullum. A nan gida, a watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano, kuma da bakinsa ya faɗi cewa miliyoyin ɗalibai a ƙasa suke zama, sannan akwai ɗaruruwan makarantun da malami ɗaya ne yake riƙe da duka azuzuwa. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Duk wanda ya taɓa leƙa aji ɗaya ko biyu a karkarar Kano ya san nisan da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da ake gani.

Ba na zargin malaman. Ka tara wa mutum yara ɗari a ɗaki mai zafi, rabinsu ba su karya ba, babu littafi, albashin ba ya kai shi tsakiyar wata, sannan ka ce ya san wane ne ya gane harafi wane ne bai gane ba? Ko waliyyi ne ba zai iya ba. Dukan malami a kan wannan shi ne a bar jaki a doki taiki. Amma tausayin malami ba zai sa in miƙa ɗana ya yi shekara shida yana amshin abin da bai fahimta ba. Shekarun da yaro yake koyon karatu ba sa dawowa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda ya wuce aji uku bai iya haɗa baƙi ba, da wuya ya cim ma saura, domin daga nan duk wani darasi a kan karatun ake ɗora shi.

Masu cewa karatun gida baƙon abu ne da na kwaso a intanet daga Amurka, su koma su duba tarihin ƙasarsu. Makarantar boko ta farko a Kano, wadda Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa, a 1909 aka kafa ta. Kafin nan a ina Kanawa suke karatu? A zaure, a soro, a tsakar gida. Lugard da kansa ya ƙiyasta makarantun allo na Arewa da kimanin 25,000. Alƙalan da suka yi shari'a, da fataken da suka riƙa rubuta wasiƙu da ajami daga Gwanja zuwa Kano, yawancinsu a gaban uba ko kawu ko malamin unguwa suka fara babbaƙu da farfaru. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, a gidan mahaifinta ta yi karatu, ta kuma yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Da ta ga matan karkara ba za su iya barin gidajensu ba, ba ta jira a gina musu ajujuwa ba. Ta naɗa jajoji, ta ba su malfa, suka riƙa ɗaukar karatu daga wurinta suna kai wa mata har ƙauyukansu. Wannan shi ne 'Yan Taru. Mahaifinta, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya yi kakkausar suka ga malaman da suke tara almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a cikin gida. Ashe ko a wancan zamanin, gida ne wurin farko da ake tuhumar mutum a kansa.

A fannin sana'a ma haka abin yake. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazarin gonakin da ke kewaye da Kano, kuma Tumbau ta nan Gezawa tana cikin ƙauyukan da shi da abokan aikinsa suka zauna suka yi bincike a shekarun 1990. Abin da ya ja hankalinsu shi ne yadda mutane masu yawa haka suke noma ƙasa ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba, kuma ba ta mutu ba. Sirrin shi ne takin dabbobi da shara, da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, da harawar da ake ciyar da awaki su mayar da ita taki, da itatuwan da ake bari a tsakiyar gona. Turawa suka rubuta littattafai a kan wannan ilimi. Wace makaranta ce ta koyar da shi? Daga uba zuwa ɗa ya taho, a bakin kunya. Gidan Bahaushe ya iya koyarwa. Abin da ya faru shi ne tun daga shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 1976, aka cusa mana cewa boko wani abu ne da sai a cikin gini mai fenti, gaban mutumin da gwamnati ta ɗauka aiki, sai iyaye suka naɗe hannu, har waɗanda suka yi karatun.

Mahaifiyata tana cikin waɗanda aka horar a wancan zamanin. Ta yi kwalejin horon malamai mata, ta samu takardar Giredi Tu, ta koyar na ɗan lokaci, aure ya kawo ta ƙauye ta zauna. Da lokacin sa ni makaranta ya zo, mahaifina ya lura cewa yaran gidanmu da suka gama aji shida ba sa iya karanta masa wasiƙa. Ya ce da ita: ga malama a ɗaki, me zai sa a je nema a waje? Da gawayi ta fara rubuta mini haruffa a jikin bango, sannan Ka Koyi Karatu, sannan Magana Jari Ce, sannan tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da mahaifina yake kawowa daga birni. Lissafi da ƙwayar gyaɗa da kuɗin cefane na fara shi. Turanci sai da na iya karatun Hausa sosai ta shigo da shi. Karatun kowace rana bai wuce awa biyu da rabi ba, saura kuwa makarantar allo ce da gona da kiwon awaki da wasa. Daga nan na shiga ƙaramar sakandare, na ci jarrabawar makarantar kimiyya ta Dawakin Kudu, na yi digirin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero. Yau ina zaune a ƙauyen nan ina rubuta manhaja ga kamfanonin da ban taɓa taka ofishinsu ba.

Ban kawo wannan don in ce ni hujja ne ba. Mutum ɗaya ba ya zama hujja. Na kawo shi ne don a ga yadda abin yake aiki, domin babu wani siddabaru a ciki. Mai koyar da yaro ɗaya ko biyar yana ganin daidai inda yaron ya tsaya, ba ya kuma wucewa sai ya gane. Mai koyar da ɗari dole ya bi manhajar karatu ta shekara, wanda ya gane ya gane, wanda bai gane ba Allah ya ba shi sa'a. A 1984 wani masanin ilimi na Amurka, Benjamin Bloom, ya wallafa sakamakon gwajin da ya nuna cewa matsakaicin ɗalibin da ake koya wa shi kaɗai yana wuce kusan duk 'yan ajin da ake koya wa a tare. Binciken da ya biyo baya ya nuna ratar ba ta kai yadda ya faɗa ba, amma babu wanda ya musa cewa tana nan. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ma a kan wannan ta gina tsarinta: a raba yara gwargwadon abin da suka iya, a bar batun shekaru da aji. An gwada irin wannan a makarantun Wudil da Dawakin Tofa. Abin da ake kashe miliyoyi ana kiran taron bita a kansa, uwa mai ɗa uku tana yin sa ba tare da ta san yana da suna ba.

Sai maganar harshe. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, aka bar Turanci a matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a duk shekarun firamare. A Nuwamban 2025 aka soke, aka ce a koma Turanci tun daga farko. Shekara uku kacal tsakanin umarni da warware shi. Yaron da ya shiga aji ɗaya lokacin da aka kafa dokar bai gama aji huɗu ba aka janye ta. Yaron Ketawa ko Wangara da bai taɓa jin Turanci a gida ko a kasuwa ba, a ce da shi zai koyi haɗa baƙi, an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda: koyon karatu da koyon baƙon harshe. Ni ba zan bar 'ya'yana su zama abin gwajin kowane sabon minista ba. Da Hausa suke fara karatu, da ita suke fara lissafi, Turanci yana shigowa a hankali, kuma babbar mai shekara tara tana karanta duka biyun.

Yanzu bari in juya ga masu suka, domin wasu maganganunsu suna da nauyi.

Na farko suna cewa yaron gida ba zai iya zama da mutane ba. Wannan damuwar ce aka kwaso daga waje, ba karatun gidan ba. Ta dace da wanda yake zaune a gidan da maƙwabcinsa bai san sunansa ba. Gezawa fa? Ƙidayar 2006 ta ba mu sama da mutum 280,000, kuma idan ka taso daga Jogana ka nufi Babawa ko Tsamiya Babba, da wuya ka yi tafiyar minti goma ba ka ga gida ba. 'Ya'yana suna kwana a gidan da yara sun fi goma sha biyar. Da asuba suna makarantar allo, da la'asar suna Islamiyya, da damina suna gona, da daddare suna dandali. Suna gaishe da tsoho, suna goyon jariri, suna faɗa su shirya. Idan akwai abin da yaron ƙauyen Kano yake nema ya rasa, to wurin da zai zauna shiru ya karanta shafi biyu ne. Mutane kam sun ishe shi.

Na biyu suna cewa iyaye ba za su iya koyar da komai ba. Gaskiya ne. Shi ya sa nake magana a kan shekarun farko, daga biyar zuwa goma sha ɗaya ko sha biyu: karatu, rubutu, lissafi, Turanci, sanin ƙasa da jiki da tarihi. Ilimin sinadarai yana buƙatar ɗakin gwaji, kuma ni kaina a makarantar kimiyya ta gwamnati na same shi, ina kuma gode wa waɗanda suka kafa irin waɗannan makarantu a 1977. Idan lokaci ya yi 'ya'yana za su tafi sakandare. Bambancin shi ne za su tafi suna iya karanta littafin da aka ba su.

Na uku suna cewa nauyin a kan mace zai ƙare. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, kuma ina faɗa wa maza 'yan'uwana: wanda zai ce a yi karatun gida sannan ya sa takalmi ya fice majalisa ya bar matarsa da girki da wanki da goyo da alli, gara ya kai yaransa makaranta. A gidana mahaifiyarsu mai takardar NCE ce, ita ta zaɓi karatun Hausa da Turanci, ni nake ɗaukar lissafi da kimiyya daga ƙarfe takwas zuwa tara da rabi kafin in buɗe kwamfuta. Aikina ya ba ni wannan dama, ba kowa yake da ita ba, kuma ban ce kowa ya yi irin nawa ba.

Na huɗu, wanda ya fi zafi: cewa masu ilimi irina idan suka janye 'ya'yansu, makarantar gwamnati za ta ƙara lalacewa, domin babu mai murya da zai yi mata magana. Na yarda da wannan a ƙa'ida. Amma ina son mai faɗar haka ya fara gaya mini inda nasa 'ya'yan suke. Kusan duk wanda ya taɓa jefa mini wannan magana, nasa suna makarantar kuɗi a cikin birni, wasu ma a Abuja ko Masar. Janyewar da ake tsoro ta daɗe da faruwa. Tun shekarun da firamaren gwamnati ta fara tangal-tangal, manyan ma'aikata da 'yan siyasa da 'yan kasuwa suka kwashe nasu, babu wanda ya kira su maƙiya ilimi, saboda sun biya kuɗi an ba su rasit. Wanda ya zauna a ƙauye ya ɗauki alli da hannunsa shi ne ya zama mai laifi. Ni ban bar garin ba. Ina halartar taron kwamitin makarantar unguwarmu duk da ba ni da ɗa a ciki, kuma zauren gidanmu a buɗe yake: yara shida na maƙwabta suna zuwa su zauna tare da nawa, ba a karɓar ko sisi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na sani. Amma hannun da yake ɗauka ya fi wanda yake nuni daga cikin mota.

Na biyar shi ne wanda ba zan yi wasa da shi ba. Ana cewa idan aka halatta karatun gida, duk mai son ɗora wa 'yarsa farantin talla, ko ya aurar da ita tana sha uku, ko ya loda 'ya'yansa a mota ya kai su wani gari bara, zai fake da cewa a gida yake koyar da su. Wannan haɗari ne na gaske. A yankin da yaran da ba sa zuwa makaranta suka fi yawa a ƙasar nan, wanda ya raina wannan magana bai san inda yake zaune ba. Sai dai ku duba da kyau: masu yin haka suna yi yanzu, ba su jira wata doka ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane uba ya tura ɗansa firamare da ƙaramar sakandare. Ta ce wanda ya ƙi, karon farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ƙara shelar ilimi kyauta kuma dole a Kano. Shekara ashirin da wannan doka, mai karatu, mutum nawa ka sani da aka ci tara? 'Yan tallan da ke bakin titin Kano zuwa Gumel sun ragu? Dokar ba ta kama mai talla ba. Abin da ta yi kawai shi ne ta sa uwa irin tawa a sahu ɗaya da shi, domin ita dokar kujera take tambaya, ba ta tambayar abin da ke kan yaro.

Na ga illar wannan da idona. Lokacin da zan rubuta jarrabawar shiga sakandare, babu wata hanyar da yaron da bai yi firamare ba zai bi. Sai da wani hedimasta ya tausaya ya sa sunana a jerin ɗalibansa, kamar na shekara shida a ajinsa. Na ci jarrabawar da abin da aka koya mini a tsakar gida, sakamakon kuma ya shiga lissafin makarantar da ban taɓa zama a cikinta ba. Har yau haka ake yi. Dokar da take tilasta wa mai gaskiya ya yi ƙarya kafin ɗansa ya ci gaba, tana kuma barin mai sakaci ya wuce, doka ce da take buƙatar gyara. Abin mamaki, a matakin gama sakandare an daɗe da buɗe ƙofa: WAEC da NECO duka suna da jarrabawar masu zaman kansu, ba a tambayarka ajin da ka zauna. Me ya hana a yi haka a ƙasa?

Wasu ƙasashen sun daɗe da warware wannan, kowace da yadda ta ga dama. Jamus ta hana karatun gida gaba ɗaya, amma ita ta tanadi makarantar da za ta iya tilasta wa mutum zuwa ba tare da kunya ba. Dokar ilimi ta Ingila ta 1996 ta ɗora wa iyaye wajibcin ilimin da ya dace da yaro, ko ta hanyar makaranta ko ta wata hanyar. Afirka ta Kudu, a dokarta ta 1996, ta yarda da karatun gida bisa sharaɗin a yi rajista da hukumar ilimi ta lardi. A Amurka halal ne a duka jihohi 50, kuma jiha kamar New York tana neman tsarin karatu na shekara da rahoto duk wata uku da gwajin ƙarshen shekara. Mu kuwa mun ɗauki tsaurin Jamus a takarda, ba mu da makarantun Jamus a ƙasa.

A sana'ata babu wanda yake biyana saboda na zauna gaban kwamfuta awa takwas. Ana gwada manhajar da na rubuta: idan ta yi aiki a karɓa, idan ba ta yi ba a dawo mini da ita, ko da na kwana a kanta. Abin da nake roƙon Majalisar Dokokin Jihar Kano da hukumar SUBEB ke nan. A buɗe rajista a ofishin ilimi na kowace ƙaramar hukuma ga duk mai son koyar da ɗansa a gida, namiji ko mace, da suna da shekaru da unguwa, mai unguwa ya sa hannu. Duk ƙarshen shekara a kawo yaron a gwada shi: ya karanta labari da Hausa ya faɗi abin da ya gane, ya rubuta wasiƙa, ya yi lissafi daidai da shekarunsa, daga aji uku a ƙara da Turanci. Wanda ya faɗi sau biyu a jere, a karɓe shi a kai shi makaranta, uban kuma ya fuskanci hukuncin da ya fi na naira 2,000. Wanda ya ci, a ba shi damar rubuta jarrabawar shiga sakandare da sunan kansa. Da wannan, mai fakewa da karatun gida don talla ba shi da wurin ɓuya, domin farantin gyaɗa ba ya koya wa yarinya karatu.

Amma da sharaɗi ɗaya. Jarrabawar nan da za a yi wa nawa, a yi wa 'yan aji uku da 'yan aji shida na kowace firamare, ta gwamnati da ta kuɗi, a rana ɗaya, da takarda ɗaya, sannan a manna sakamakon kowace makaranta a ƙofarta a kuma karanta a rediyo. Idan uban da ɗansa ya faɗi sau biyu zai amsa tambaya, to sakataren ilimin da yara dubu suka faɗi a ƙarƙashinsa shi ma ya amsa. Ina zargin wannan sharaɗin ne zai sa maganar ta yi wuyar wucewa, domin rajista ba ta tona asirin kowa.

Kafin majalisa ta farka, akwai abin da ba ya buƙatar izinin kowa. Lokacin korona, daga Maris ɗin 2020, makarantu sun fi wata shida a rufe, aka koma darasi ta rediyo, kuma a nan aka ga gidajen da akwai mai zaunar da yaro da gidajen da babu. A kowace unguwa ta Gezawa akwai matan aure masu NCE da difloma da ba su samu aiki ba, akwai malaman da suka yi ritaya, akwai samarin da suka gama sakandare suna jiran JAMB. Akwai zaure, akwai inuwar darbejiya. Allon katako da kwalin alli ba su kai kuɗin datar wata ɗaya ba. Yara biyar, awa ɗaya bayan sallar Magariba ko kafin Islamiyya, sun isa. Wannan shi ne 'Yan Taru na zamaninmu, kuma ba sai an cire kowa daga makaranta ba.

Kai kuma uban da kake karanta wannan a waya, ko ɗanka yana makarantar gwamnati ko ta kuɗi, yau da daddare ka kira shi. Kada ka tambaye shi na nawa ya zo a aji. Miƙa masa wayar, ka nuna masa sakin layi ɗaya, ka ce ya karanta da ƙarfi sannan ya gaya maka abin da aka ce. Idan ya iya, ka gode wa Allah ka je ka gode wa malaminsa. Idan bai iya ba, to ka san yau, tun yana aji uku, maimakon ka sani ranar da sakamakon NECO ya fito. Daga nan shawara taka ce, kuma alhakin ma naka ne, domin ranar da za a tambaye mu amanar 'ya'yanmu ba za a karɓi rasit ɗin kuɗin makaranta a madadin amsa ba.